FASHIN BAƘI: Me ya sa Kiristocin ƙasar Yauri ke tunanin ƙarshen zamani a lokacin shirin Kirsimeti?

Ranar Lahadi, 30 ga Nuwamba, 2025, majami'un ɗarikar Katolika a faɗin duniya suka shiga makonni huɗu na shirin Kirsimeti. Nassin da aka tsara karantawa a wannan rana, daga sura ta 24 ta Bisharar Matiyu, bai ambaci jariri ko makiyaya ba. Maganarsa a kan mutanen zamanin Nuhu ce, waɗanda ruwan Ɗufana ya tarar suna tsakiyar harkokinsu, da kuma maigidan da bai san sa'ar da ɓarawo zai faɗo masa cikin dare ba.

A majami'un Dayosis ɗin Kontagora, wanda ya haɗa arewacin Jihar Neja da kudancin Jihar Kebbi har da ƙasar Yauri, wannan karatu ya zo ne kwana tara bayan 'yan bindiga sun kutsa makarantar St. Mary's da ke Papiri cikin dare, suka tafi da ɗaruruwan yara. Papiri na cikin Ƙaramar Hukumar Agwara ta Jihar Neja, a ƙetaren ruwan da ya raba ta da Yauri da Ngaski.

Ba harin ne ya sa aka zaɓi nassin ba, domin an tsara jerin karatun shekaru da dama kafin nan. Abin da haɗuwar ta fito da shi fili shi ne wani al'amari da mafi yawan waɗanda ba Kiristoci ba ba su sani ba: a koyarwar Kiristanci, watan Disamba lokacin jira iri biyu ne, jiran tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, da jiran dawowarsa a ƙarshen zamani domin yin shari'a. A yankin da satar mutane ta zama ruwan dare, yadda aka fahimci jira na biyu yana da tasiri a kan yadda jama'a ke kallon gwamnati, da maƙwabtansu, da kuma haƙƙin da ke wuyansu.

Kiristanci a bakin Tafkin Kainji

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yauri, Ngaski da Shanga. Fadar sarki na Yelwa, shi kuwa tsohon garin Birnin Yauri yana cikin Ngaski. Musulmi ne mafi rinjaye a manyan garuruwa, amma ƙasar ta tara ƙabilu da yawa, irin su Kambari, Gungawa, Shangawa da Dukkawa, kuma a cikin ƙauyukan waɗannan ƙabilu, musamman na Kambari da Dukkawa, Kiristanci ya fi samun gindin zama, tare da baƙin da kasuwanci ko aikin gwamnati ya kawo daga kudancin ƙasar nan.

Tsofaffin masu wa'azin Kiristanci a wannan shiyya su ne mishan ɗin da ya haifi cocin UMCA. Wani ɗan ƙasar Kanada, Alexander Banfield, shi ya fara aikin a ƙasar Nupe a 1905, daga bisani mishan ɗin ya buɗe tashoshi a Salka ta ƙasar Kambari da kuma Zuru a shekarun 1920, sannan Yelwa, ya kuma gina asibiti a Tungan Magajiya. Katolika sun ƙarfafa aikinsu daga baya: an ware yankin Kontagora a 1995, ya zama cikakken dayosis a 2020, ƙarƙashin Bishop Bulus Dauwa Yohanna. Akwai kuma ECWA, Baptis, Angilikan da majami'un Fentikos iri-iri.

Hausa ce harshen da ya haɗa su. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da ita ake wa'azi, da ita ake waƙa a mafi yawan majami'un karkara, duk da cewa akwai aikin fassara zuwa harsunan Kambari da ke da cibiya a Salka. Saboda haka kalmomin da Kirista ɗan Ngaski ke ji a coci, irin su tuba, hisabi, tashin matattu da ranar shari'a, kusan su ne maƙwabcinsa Musulmi ke ji a masallaci.

Yadda ake shirin

Sunan waɗannan makonni huɗu Adbent, daga wata kalmar Latin mai ma'anar "zuwa". Yana farawa ne a Lahadin da ta faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma daga ranar ake lissafin sabuwar shekarar coci. Asalinsa azumi ne: tun ƙarni na biyar da na shida, Kiristocin yankin da ake kira Faransa a yau suna yin azumi kafin Kirsimeti. Har yanzu Kiristocin Habasha na yin azumin sama da kwana 40 kafin nasu bikin, wanda ke zuwa ranar 7 ga Janairu.

A tsarin Katolika an raba lokacin gida biyu. Daga Lahadin farko zuwa 16 ga Disamba, addu'o'i da karatu sun fi karkata ga dawowar Almasihu da kiran tuba na Yahaya Maibaftisma. Daga 17 zuwa 24 ga wata ne ake juyawa ga labarin haihuwa. Limamai kan sa tufafi masu launin shunayya, alamar tuba da kamun kai, ana kuma ajiye wata doguwar waƙar yabo da aka saba rerawa kowace Lahadi har sai daren Kirsimeti. Ana ƙarfafa mabiya su je su furta zunubansu a gaban limami, su sasanta da waɗanda suka ɓata da su, su yi sadaka.

Majami'u irin su UMCA da ECWA ba su cika bin wannan kalanda daki-daki ba, amma watan Disamba a wurinsu ma cike yake da tarukan farkawa, gwajin waƙoƙi, da hidimomin ƙungiyar Zumuntar Mata. Da yake lokacin ya dace da kaka, ana haɗa shi da godiyar amfanin gona, inda manomi zai kawo dawa ko shinkafa ko kaza gaban majami'a. Su kuwa manyan majami'un Fentikos suna da tarukan ƙarshen shekara da ke jan dubban mutane, kamar taron keɓewa na Deeper Life, da Shiloh na cocin Living Faith, sannan a rufe da ibadar daren 31 ga Disamba, inda ake shiga sabuwar shekara cikin addu'a.

A duk waɗannan, tambayar da ake sa mabiyi ya yi wa kansa ɗaya ce: idan yau ne ranar ƙarshe, a wane hali za a same shi? Ɗinkin sabon kaya da yankan akuya suna biyo baya ne a matsayin murna, ba su ne ginshiƙin shirin ba.

Inda Kiristoci suka haɗu, da inda suka rabu

Kusan dukkan ɗarikun Kirista sun yarda cewa Almasihu zai dawo ya shari'anta rayayyu da matattu. Wannan na cikin shelar bangaskiya da aka tsara a taron Nikiya a shekarar 325, wadda Katolika da Angilikan ke maimaitawa a ibadarsu. Saɓanin yana kan yadda abin zai kasance.

Littafin Wahayin Yahaya, wanda tsohuwar fassara ke kira Ru'ya ta Yohanna, ya ambaci mulki na shekara dubu a sura ta 20. Katolika da wasu tsofaffin ɗarikoki sun bi fassarar Agustin, malamin Arewacin Afirka da ya rasu a 430, wanda ya ɗauki shekara dubun a matsayin misali na zamanin da coci ke ciki yanzu. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya fito ƙarara ya yi watsi da ra'ayin kafa mulkin Almasihu na zahiri a duniya kafin ranar shari'a.

Ɗaya ɓangaren kuwa yana ɗaukar nassin a zahirinsa. A shekarun 1830, wani mai wa'azi daga Birtaniya, John Nelson Darby, ya yaɗa koyarwar da ake kira fyaucewa: cewa za a ɗauke masu bi na gaskiya daga duniya ba zato ba tsammani, sannan babban tsanani ya biyo baya ƙarƙashin magabcin Almasihu, kafin Almasihu ya dawo ya yi mulkin shekara dubu. Wani bugun Littafi Mai Tsarki mai ɗauke da sharhin Cyrus Scofield, wanda ya fito a 1909, shi ya baza wannan fahimta a Amurka. Da yawa daga cikin 'yan mishan da suka shigo Arewacin Najeriya daga Amurka da Kanada a farkon ƙarni na 20 sun taso ne cikin majami'un da ke tsammanin dawowar Almasihu nan kusa, kuma wannan tsammani na cikin abubuwan da suka sa su gaggawar kai wa'azi lungu-lungu. Majami'un Fentikos sun gaji koyarwar, suka ƙara mata ƙarfi da fina-finai da wa'azin rediyo.

Bambancin yana da tasiri a aikace. Wanda ya ɗauki littafin Wahayi a matsayin jadawalin abubuwan da za su faru, zai riƙa karanta labaran yau da kullum yana neman alamu: yaƙi a Gabas ta Tsakiya, annoba, yunwa, har ma da sabuwar lambar shaidar ɗan ƙasa. Wanda ya ɗauke shi a matsayin misali kuwa ya fi mayar da hankali ga gyaran hali.

Ba baƙon zance ba ne a ƙasar Hausa

Musulmi ma suna da babin alamomin tashin ƙiyama, da bayyanar Mahadi, da fitinar Dujal, da saukowar Annabi Isa (AS). Tarihin Arewa ya nuna yadda irin wannan tsammani ke ƙaruwa a lokutan rikici. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, dubban mutane sun yi hijira gabas, kuma a 1906 aka yi tawayen Satiru da sunan Mahadi.

Akwai ma inda tsammanin addinan biyu ya haɗu. A ƙarni na 19 an yi wata ƙungiya da ake kira Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano, waɗanda suka ba Annabi Isa matsayi na musamman a aƙidarsu. Wasu daga cikin zuriyarsu sun haɗu da Dakta Walter Miller a Zariya wajen 1913, suka karɓi Kiristanci, suka kafa zango a Gimi, kuma suna cikin tushen al'ummar Kiristocin Wusasa. Don haka idan Kirista da Musulmi a kasuwar Yelwa suka dubi halin da ake ciki suka ce "ƙarshen zamani ne", kowa da nufinsa, amma sun fahimci juna.

Shekarun da suka ba nassin sabon nauyi

Ƙasar Yauri ta san abin da ake nufi da duniyar mutum ta ƙare rana ɗaya. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsibirai da garuruwa, aka tayar da mutane sama da 40,000, ciki har da Gungawa da yawa. A watan Mayu 2021, wani jirgin ruwa da ya yi lodi fiye da ƙima ya nitse kusa da Wara a Ngaski, mutane da dama suka halaka, akasarinsu 'yan kasuwa da mata da yara.

Makonni uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka far wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda, suka tafi da ɗalibai da malamai masu yawa. An danganta harin da ƙasurgumin ɗan bindiga Dogo Giɗe. An riƙa sako ɗaliban kashi-kashi, amma 'yan mata 11 sun ci gaba da zama a daji har zuwa watannin Afrilu da Mayu 2023, bayan iyaye sun shiga neman gudunmawar jama'a. Wato Kirsimeti biyu da bukukuwan Sallah da dama sun wuce iyalansu na jira, kuma wasu daga cikinsu sun dawo da goyo.

A Nuwamba 2025 abin ya sake dawowa. Ranar 17 ga wata aka sace ɗalibai mata 25 a makarantar sakandare ta Maga da ke Danko-Wasagu a Jihar Kebbi, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Kwana huɗu bayan nan aka kai harin Papiri, inda Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta fara bayar da adadin ɗalibai 303 da malamai 12, kafin ta ce 50 sun kuɓuta. An sako 100 a farkon Disamba, sannan fadar shugaban ƙasa ta sanar da sakin sauran 130 ranar 21 ga Disamba, kwana huɗu kafin Kirsimeti.

Rashin tsaro ya kuma taɓa yadda ake ibadar kanta. Tun bayan bam ɗin da Boko Haram ta tayar a cocin St. Theresa da ke Madalla ranar Kirsimetin 2011, majami'u da yawa a Arewa suka saba da binciken masu shiga, wasu kuma suka riƙa matso da ibadar tsakar dare zuwa yamma. A jawabin da ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro ranar 26 ga Nuwamba, 2025, Shugaba Bola Tinubu da kansa ya shawarci masallatai da majami'u a wuraren da ke cikin haɗari su riƙa neman kariyar jami'an tsaro idan za su taru.

Haɗarin tsayar da rana

A cikin irin wannan yanayi ne masu da'awar sanin ranar ƙarshe ke samun kasuwa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tarihin wannan da'awa tsawo gare shi. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira ranar 22 ga Oktoba, 1844, wasu har sun bar amfanin gonarsu ba su girbe ba. Harold Camping ya tsayar da 21 ga Mayu, 2011. A 2025, wani ɗan Afirka ta Kudu, Joshua Mhlakela, ya ce za a yi fyaucewa ranar 23 ko 24 ga Satumba, zancen ya bazu a TikTok har Najeriya.

Wani lokaci abin ba ya tsayawa a jin kunya. A Yuli 2022, 'yan sanda a Jihar Ondo sun fito da mutum 77, da yawansu yara, daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata majami'a inda aka tara su jiran fyaucewa. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, sama da mutum 700 suka mutu a shekarar 2000 a hannun wata ƙungiyar da hasashenta na ƙarshen duniya bai tabbata ba. A dajin Shakahola na Kenya kuwa, an tono gawarwaki sama da 400 daga 2023, na mabiyan wani mai wa'azi da ake tuhuma da sa su azumi har mutuwa.

Manyan ɗarikoki suna kafa hujja da nassin kansa wajen yaƙar wannan. Sura ta 24 ta Matiyu, wadda ta lissafa yaƙe-yaƙe da yunwa cikin alamu, ita ce kuma ta ce babu wanda ya san ranar. Sura ta 25 ta bayyana shirin da ake nufi: bawa da ya juya dukiyar da aka ba shi amana, da mutumin da ya ciyar da mayunwaci, ya tufatar da matsiraici, ya ziyarci mara lafiya da ɗaurarre. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta biyu ga Tasalonikawa, ya tsawata wa waɗanda suka bar aiki suka koma zaman banza. A wannan fahimta, mai jiran ƙarshe shi ne wanda ya fi kowa dagewa a kan gona, makaranta da taimakon maƙwabci.

Inda aƙida ta haɗu da siyasa

Ga mai bin al'amuran mulki, a nan batun ya fi muhimmanci. Cewa "alamun ƙarshen zamani ne" na iya zama ta'aziyya ga uwar da aka sace wa 'ya. Amma idan kalmar ta zama amsar kowace tambaya, takan sauke wa masu mulki nauyi. Annabci ba ya bayanin dalilin da ya sa aka janye sojoji daga makarantar Maga jim kaɗan kafin harin, tambayar da Gwamna Nasir Idris da kansa ya nemi a bincika. Ba ya kuma bayanin yadda dajin Kainji ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai, ko dalilin da ya sa jiragen ruwa ke tashi da lodi fiye da ƙima ba tare da rigunan kariya ba. Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora tsaro da walwalar jama'a a matsayin babban dalilin kafa gwamnati, kuma wannan haƙƙi ba ya faɗuwa don wani ya gaskata duniya ta kusa tashi.

Shugabannin coci da dama sun daɗe da amfani da mumbarin Kirsimeti wajen wannan tuni. Saƙon Kirsimetin 2020 na Bishop Matthew Kukah na Sakkwato, wanda ya soki gwamnatin Muhammadu Buhari kan rashin tsaro da son kai wajen naɗe-naɗe, ya tayar da ƙura na makonni. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, ya nuna cewa jiran hukuncin Allah bai hana neman bahasi daga hukumomi ba.

Haɗari na biyu shi ne a mayar da rikicin ya zama yaƙin ƙarshe tsakanin addinai biyu. Ranar 31 ga Oktoba, 2025, Shugaba Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, yana cewa ana kashe Kiristoci, kuma ranar Kirsimeti ya sanar da hare-haren sama a Jihar Sakkwato. Wani ɓangare na magoya bayansa Kiristoci ne masu fassarar fyaucewa, waɗanda ke kallon siyasar duniya ta fuskar annabci. Babu shakka an kai wa majami'u da limamai hari a Najeriya, kuma tsoron Kiristocin karkara na gaske ne. Sai dai abin da ya faru a shiyyar Yauri ya fi ƙarfin wannan taƙaitawa: makarantar Birnin Yauri ta gwamnati ce mai ɗalibai na addinan biyu, 'yan matan Maga akasarinsu Musulmi ne, yaran Papiri kuwa 'yan makarantar Katolika ne, kuma kwana huɗu ne kacal tsakanin hare-haren biyu na ƙarshe.

A ƙauyukan Kambari da Dukkawa ba abin mamaki ba ne a sami Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya a zuriya ɗaya, suna kai wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti. Wannan zumunci shi ne abin da wa'azin ƙarshen zamani zai iya ƙarfafawa ko ya rusa, ya danganta da bakin da ya fito. Idan ya koya wa mabiya tuba, riƙon amana da tsayawa ga wanda aka zalunta ko wane ne shi, ya yi daidai da abin da makonnin Adbent suka ginu a kai. Idan kuwa ya koya musu naɗe hannu, ko kallon maƙwabci a matsayin rundunar magabci, to masu cin ribarsa su ne 'yan bindigar da ke daji da jami'an da ba sa son a tambaye su.